Hula ɗaya, doki ɗaya, fim 66: yadda jarumin kaboyi mai arha ya rayu

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan wasa. Shekara huɗu ke nan ina fitowa a ƙananan fina-finai masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube, kuma kullum matsayi ɗaya ake ba ni, wato ɗan sanda mai gaskiya. Mahaifina yakan ba ni labarin fina-finan kaboyi da suka kalla a silima da ƙuruciya, ya ce akwai jaruman da suka yi fim hamsin ko fiye da hula ɗaya da doki ɗaya. Yaya waɗannan mutane suka rayu? Sun samu wani abu, ko maƙalewa a matsayi ɗaya ce ta kashe su? Ina tambaya ne don in san ko in ci gaba da karɓar wannan kaki ko in fara ƙi." Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa mahaifinka lafiya, gaskiya ya faɗa maka. Idan na fahimce ka, abu biyu kake son sani: yadda sana'ar take ga wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a fim mai arha, da kuma ko nanata matsayi ɗaya alheri ne ko tarko. Kafin in koma koyar da tarihin fim na yi shekaru ina kula da shiri a lokeshan, ni ne mai riƙe littafin kuɗi da jadawalin fita. Shi ya sa idan na zauna kallon waɗannan fina-finai, lissafin kwanaki da kuɗi nake fara yi kafin in kula da harbin bindiga. Abin da lissafin ya nuna mini kuwa shi ne, ba matsayi ɗaya ne ya raba wanda ya tsira da wanda ya tagayyara a cikinsu ba. Abin da ya raba su shi ne a hannun wa fim ɗin yake ranar da kasuwa ta juya.

Wata ƙila waɗanda mahaifinka ya fi gani su ne na 'yan Italiya, da aka riƙa ɗauka a busassun filayen Almeriya ta ƙasar Sifaniya daga wajen 1964. Amma masu fim hamsin da hula ɗaya 'yan Amurka ne na gabanin nan, daga farkon shekarun 1930 zuwa wajen 1954, kuma a kansu zan tsaya.

Kasuwar da ta haifi fim mai arha

Bayan karyewar tattalin arzikin Amurka a 1929, mutane suka fara ƙaurace wa silima saboda rashin kuɗi. Masu gidajen kallo suka ɓullo da dabarar nuna fim biyu da tikiti ɗaya. Babban fim yakan ci kaso daga kuɗin ƙofa, idan an cika gida kamfani ya samu da yawa. Na biyun kuwa haya ake biya tsayayyiya, ko mutum goma suka shiga ko dubu. Ka riƙe wannan, domin daga nan komai ya samo asali. Furodusan ƙaramin fim ya san abin da zai shigo masa tun kafin ya kunna kyamara, saboda haka hanya ɗaya ce gare shi ta cin riba, ya matse abin da zai fita.

To wane fim ne ya fi na kaboyi sauƙin matsewa? Rana kyauta ce, duwatsu kyauta ne, titi ɗaya na gidajen katako ya ishi fim ashirin. Fim ba ya wuce awa ɗaya, ana ɗauke shi cikin mako guda ko ƙasa da haka, kuma sai dole ake maimaita fitowa. Ƙananan kamfanonin da ke wannan aiki a Hollywood har laƙabi aka yi musu mai ma'anar Layin Talauci. Cikinsu akwai Monogram, akwai kuma Republic da aka kafa a 1935. A mahaɗar titin Sunset da titin Gower, makiyaya na gaske da aikin kiwo ya ƙare musu sukan taru da hulunansu da takalmansu suna jiran a kira su aikin yini, kamar dai yadda leburori ke tsayawa a bakin hanya da sassafe suna jiran mai gini.

Ga misalin yadda matsin ya kai. A 1932 da 1933 John Wayne, wanda babban fim ɗinsa na farko ya faɗi a kasuwa a 1930, ya yi wa kamfanin Warner Bros. fim shida na kaboyi. An sa masa tufafi irin na Ken Maynard, tauraron zamanin fim marar magana, aka ba shi doki mai kama da na Maynard, don kawai a yanko sukuwa da tsalle-tsalle daga tsofaffin fina-finan a liƙa a sababbin. Idan kyamara ta matso, Wayne ne. Idan ta ja baya, Maynard ne na shekarun baya. Haka Wayne ya yi ta fama kusan shekara tara kafin darakta John Ford ya ɗauke shi a babban fim ɗin Stagecoach a 1939.

Tsarin wasan kansa a ƙayyade yake: jarumi, da abokin tafiyarsa mai barkwanci, da bos mai son ƙwace filin marainiya, da doki mai suna wanda yara suka sani kamar yadda suka san ubangidansa. Jarumi yakan sa hannu ya yi fim shida ko takwas a shekara. Faɗuwa daga doki da tsalle kan keken doki aikin 'yan kasada ne, irin su Yakima Canutt, wanda zakara ne a gasar hawan dabbobi kafin ya shigo fim. Shi da Wayne ne suka inganta dabarar naushin da ke wucewa ta gaban fuska, kyamara tana ɗauka daga kusurwar da za ka rantse ya sauka. Har yau da ita ake aiki, har da ku.

William Boyd

Mutumin da na fi so ka duba shi ne William Boyd. An haife shi a 1895 a jihar Ohayo, ya shiga Hollywood yana cikin masu cike fage, waɗanda ake gani a baya ba sa cewa uffan. Babban darakta Cecil B. DeMille ya ɗaga shi, zuwa 1926 ya zama tauraro mai farin gashi tun da ƙuruciya, kuɗi na shiga suna fita. Sai a 1931 aka kama wani ɗan wasa daban mai suna irin nasa a kan shaye-shaye da caca, jaridu suka buga labarin da hoton wanda bai ji ba bai gani ba. An nemi afuwa daga baya, amma zancen ya riga ya zaga gari, kwantiraginsa da kamfanin fim na RKO ya tafi. Daga nan ya gangaro zuwa ƙananan fina-finai.

A 1935 furodusa Harry Sherman ya zo da shirin mayar da labaran marubuci Clarence Mulford zuwa fim. Mulford ya ƙirƙiri wani makiyayi mai suna Hopalong Cassidy tun 1904, mutum mai kaushin hali da zafin baki da shaye-shaye. Boyd yana da shekara arba'in, ba gwanin hawa ba ne, kuma ba babban matsayin aka fara yi masa tayi ba. Shi ya nema, aka ba shi. Abin da ya yi da matsayin shi ne wurin da nake so ka kula sosai. Bai karɓe shi yadda ya same shi ba. Ya mai da shi dattijo mai natsuwa, baƙaƙen tufafi a kan farin doki mai suna Topper, ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya ashar, ba ya fara tsokana. A lokacin an saba ganin baƙar hula a kan mugu, shi kuwa ya sa ta ya zama mutumin kirki, kuma ko daga nesa ka hango baƙi a kan fari cikin duwatsun Lone Pine na jihar Kalifoniya, inda ake ɗaukar fina-finan, ka san ko wane ne.

Nakan nuna wa ɗalibaina wata fitowa irin wadda ke maimaituwa a fina-finan nan. Ya shiga mashaya, 'yan iska sun yi tsit, ya jingina da kanta ya nemi lemo. Wani ya yi dariya. Boyd ba ya ɗaga murya, ba ya kai hannu ga bindiga. Juyowa kawai yake yi a hankali, ya kafe mutumin da ido, murmushin da ke fuskarsa ya ɗauke. Nakan tsayar da hoton a nan in ce su ƙirga daƙiƙun da ya yi bai motsa ba. Wannan tsayuwa ba ta ci wa furodusa ko sisi ba, amma ita ce ke sa yaro ya dawo Asabar mai zuwa. Wanda ya san ba za a ba shi damar maimaita fitowa ba, dole ya zo da abinsa a shirye daga gida.

Ya yi fim 66 a wannan matsayi tsakanin 1935 da 1948. Hamsin da huɗu na farko na Sherman ne, sha biyun ƙarshe shi da kansa ya shirya su bayan Sherman ya gaji ya bari. A cikin na 1943 akwai wani saurayi da ake ba wa matsayin yaron bos, sunansa Robert Mitchum, wanda daga baya ya zama babban tauraro. Wato ƙaramin fim makaranta ne ga wasu, ga wasu kuma gida ne na dindindin.

Sai kasuwa ta fara juyawa. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar gwamnati da Paramount da sauran manyan kamfanoni, ta hana tilasta wa gidajen kallo karɓar fina-finai a dunƙule, mai kyau da marar kyau. Kasuwar fim na biyu ta fara tsukewa. A daidai lokacin kuma talabijin na shiga gidaje, tashoshi na neman abin da za su cika sa'o'i da shi, manyan kamfanoni kuwa sun ƙi ba su fina-finansu don suna ganin akwatin kishiya ce.

Boyd ya hango abin da wasu ba su hango ba. Ya sayar da gandunsa, ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, ya tara wajen dala 350,000 ya sayi haƙƙin tsofaffin fina-finansa da haƙƙin amfani da sunan Hopalong. A idon mutanen Hollywood tsoho ne mai shekara hamsin da wani abu ya zuba dukiyarsa a kan kayan da aka gama yayinsu. Ya fara ba da su haya ga tashar talabijin da araha, yara suka rungume su, ranar 24 ga Yuni 1949 kuma tashar talabijin ta NBC ta fara nuna su a faɗin ƙasa. A 1950 hotonsa ya hau bangon mujallun Life da Time. A shekarar ne kamfanin Aladdin ya buga hotonsa a akwatin abincin 'yan makaranta, aka sayar da wajen 600,000 cikin shekara guda. Ga shirin rediyo, ga tufafin yara, ga sababbin shirye-shirye na rabin awa da ya ɗauka don talabijin daga 1952. Fina-finan su ne dai na jiya, ba a ƙara musu komai ba. Bambancin kawai, wannan karon kuɗin aljihunsa suke shiga.

Sauran fa?

Kada ka ɗauka haka ta kasance ga kowa. Ken Maynard ɗin nan da aka yi ta yanko sukuwarsa ya fi Boyd iya doki nesa ba kusa ba, kuma ya riƙe kuɗi masu yawa a zamaninsa. Giya da rigima da furodusoshi suka cinye shi, ya ƙare a ɗan gidan tirela cikin talauci, ya rasu a 1973. George Hayes, tsohon nan mai gemu da ya yi abokin barkwancin Boyd da sunan Windy, da suka saɓa a kan albashi ya koma Republic a 1939, sai aka ce masa sunan ba nasa ba ne, na masu fim ne. Dole ya nemi wani, ya zama Gabby. Mutum ya raini suna da muryarsa da gemunsa, ranar tafiya a ce ya ajiye shi a bakin ƙofa.

Roy Rogers da Gene Autry, manyan kaboyi mawaƙa, sun kai Republic kotu a farkon shekarun 1950 don hana sayar da tsofaffin fina-finansu ga talabijin, a ƙarshe kotu ta ba kamfanin gaskiya. Abin da ya cece su daban ne. Rogers ya riga ya sa an rubuta masa a kwantiragi cewa sunansa da hotonsa a kan kayan sayarwa nasa ne. Autry kuwa ya kafa kamfaninsa na shirya fim, ya sayi tashoshin rediyo da talabijin, har ya mallaki ƙungiyar wasan baseball ta Angels. Ɗaruruwan da suka yi bos da yaran bos da 'yan kasada, su kam sallamar yini suka karɓa, shi ke nan. Ko da ƙungiyar 'yan wasan Amurka ta yi yajin aiki a 1960, lokacin Ronald Reagan na shugabanta, ta samo wa 'yan wasa kaso idan an nuna fim a talabijin, yarjejeniyar ta shafi fina-finan da za a yi daga 1960 ne. Mutanen kaboyi sun zauna a gida suna kallon kansu a akwati kowane mako, ba ko kwabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ba labarin nesa ba ne a wurina. A shekarun kaset da faifai na yi aiki a wani fim da muka ɗauka cikin kwana tara. Da muka gama, bashi ya taso mana, mai fim ya ɗauki masta, wato asalin kwafin fim ɗin, ya kai wa wani ɗan kasuwa ya sayar masa dungurungum. Ina tsaye aka ƙirga kuɗin a kan benci, aka rubuta 'yan layuka a takardar littafin makaranta, babu maganar shekara nawa, babu maganar talabijin, balle intanet da ba ta zo mana a rai ba. Ranar mun yi murna don mun sallami kowa. Bayan shekaru na ci karo da fim ɗin a YouTube, a tashar wanda ban taɓa gani ba, mutane na ta yabon jarumar a ƙasa. Na san halin da take ciki a lokacin, kuma abin ya tsaya mini a rai har yau.

To kakin naka fa?

A ganina kada ka ƙi shi don kawai ya maimaitu. A kasuwar fim mai arha, a san ka da abu ɗaya jari ne, domin furodusan da ba shi da kwanakin gwaji yana neman wanda ya tabbatar zai ba shi abin da yake so a ɗauka ɗaya. Tarkon yana wani wuri: ka zama kaki kawai, wanda duk mai tsayinka zai iya sawa gobe. Tambayi kanka abin da ɗan sandanka yake da shi wanda na wani ba shi da shi. Yadda yake cire hula idan ya shiga gidan mutane, ko yadda yake saurare kafin ya yi magana, ko wata kalma da ba ya rabuwa da ita. Idan masu kallo suka fara kiran ka da sunan matsayin a kasuwa, to ranar ce ka samu abin ciniki, kuma ranar ce ya kamata ka zauna da mai shiri.

Idan kun zauna, kada maganar ta tsaya a kan ƙarin sallama. Nemi a rubuta wa ke da sunan matsayin idan kun rabu. Nemi a rubuta ko kana da kaso idan an sayar wa tashar talabijin, ko an fassara shi, ko an mayar da shi wata tasha. Idan mai shiri ba shi da kuɗin biyanka yadda ya kamata, kuma sau da yawa da gaske ba shi da su, karɓi ragi a yau a madadin kaso rubutacce. Zai yiwu kason bai haifar da komai ba. Amma sallamar yini kam an tabbatar ba ta haihuwa. Sannan kada ka yar da sauran hannunka: duk shekara nemi fim ɗaya ko biyu da za ka fito daban, ko da ƙaramin matsayi ne, don daraktoci su riƙa tunawa ɗan wasa ne a cikin kakin.

Sai dai in faɗa maka iyakar maganata. Boyd caca ya yi da dukiyarsa gaba ɗaya, kuma ta faɗa masa daidai ne saboda ya zo a ɗan tsakanin da tashoshi ke yunwa, manyan kamfanoni kuma na noƙewa. Da ya makara da 'yan shekaru, da labarin ya sha bamban, saboda haka ba zan ce ka sayar da filin gado ka sayi tsofaffin shirye-shirye ba. Amurka ta wancan zamani kuma tana da kotunan da ke tsayawa a kan takardar kwantiragi, mu kuwa yawancin cinikinmu na amana ne da sanayya, wanda ya nemi a rubuta ma wani lokaci kallon marar kunya ake yi masa. Ni ba lauya ba ne, idan za ka sa hannu kai wa wanda ya san dokar haƙƙin mallaka ya duba maka. Ban kuma ga wasanka ba, wanda ya gani zai fi ni sanin ko kakin yana ɗaga ka ne ko yana rufe ka.

Akwai kuma farashin da takarda ba ta nunawa. Boyd ya shiga matsayin har ya zama da wuya a raba su. Ya gyara rayuwarsa ta dace da mutumin da yara suka ɗauka shi ne, yana zuwa asibitocin yara da bukukuwa cikin baƙaƙen tufafin, yana ƙin sa sunansa a kan kayan da yake ganin ba su dace da yara ba. Ko da DeMille ya sake kiran sa a 1952 don 'yar gajeruwar fitowa a wani babban fim, a matsayin Hopalong ya fito, a kan Topper. Da tsufa ya zo, ciwon karkarwa ya kama shi, sai ya daina yarda a ɗauke shi hoto ko a yi hira da shi, don kada waɗanda suka taso da shi su ga yadda ya koma. Ya rasu ranar 12 ga Satumba 1972 a Laguna Beach ta jihar Kalifoniya, yana da shekara 77, matarsa Grace Bradley da ya aura tun 1937 tana tare da shi.